Yadda za ka nemi diyya in anka fallasa bayananka, ba tare da kuɗɗin shari'a sun cinye ka ba

Na yi shekaru ina aikin akawu a ofishin wani lauya nan Gusau. Ni ke kai takardu rajistara, ni ke bin mai kai sammaci, ni ke rubuta rasit, kuma ni ke ganin fuskar mutane ranar da sunka shigo da zafinsu da ranar da sunka dawo a sanyaye suna roƙon a janye ƙara. Ni ba lauya ba ne, in faɗa maka tun yanzu, amma lissafin kuɗɗin shari'a ta hannuna yake bi.

Wani ɗan kasuwa daga Kaura Namoda ya taɓa shigo mana ido jajir. Ya ci bashi a wata manhajar waya, ya makara 'yan kwanaki, sai sunka ɗauki hotonshi sunka tura ma duk lambobin da ke wayarshi cewa ɓarawo ne, har surukinshi da limamin unguwarsu sun samu saƙon. Ya ce shi miliyan 50 yake so kotu ta karɓo mishi. Oga ya bari sai da ya huce sannan ya ce, Alhaji nawa za ka iya kashewa cikin wagga magana, su tafi ba su dawo ba, kuma shagonka bai girgiza ba? Shiru ya yi. Tau wagga tambaya ita ce kan duk abin da zan jero maka, don kuɗɗin da za ka kashe tabbas ne za su fita, waɗanda kake hange kuwa kifi ne cikin ruwa.

Mataki na 1: ka san mi doka ta ba ka

Akwai doka, ba wai babu ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa ma hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ke Abuja. Sashe na 51 ya ce wanda ya cutu ko ya yi asara saboda an karya wagga doka yana iya neman diyya a kotu. Sashe na 40 ya tilasta ma kamfanin da bayanai sunka zube a hannunshi ya sanar da hukuma cikin awa 72 in abin na iya cutar da mutane, in haɗarin babba ne kuma ya sanar da kai kanka. Ga kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kare bayanan mutum yana cikin wannan sashen.

Amma ka lura da kalmar, wanda ya cutu. Alƙali ba zai tsaya kan cewa ranka ya ɓaci ba kawai, zai tambaya mi ya same ka. An kwashe kuɗɗi a asusunka bayan BVN ɗinka ya fita? An fasa ba ka kaya bashi a kasuwa saboda saƙon da anka tura? An fallasa sakamakon gwajin asibiti har aure ya mutu? Wanga duk cuta ce da ake iya nunawa. In kuwa saƙon talla ne guda biyu sunka shigo wayarka, kana da gaskiya amma gaskiyar ba ta da nauyin da za ta ɗauki kuɗɗin lauya, tura STOP zuwa 2442 ka huta.

Kuma kada labarin manyan tara ya ruɗe ka. Mutane na jin NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 kan bankin Fidelity a 2024, ko miliyan 766 kan Multichoice a 2025, ko dala miliyan 220 da hukumar kare masu sayen kaya, FCCPC, ta aza ma kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp, sai su ce ashe akwai kuɗɗi a harkar. Tara ta gwamnati ce malam, ba a raba ma kwastoma ko sisi. Diyyarka daban take, kuma kai za ka tabbatar da ita da bakinka da takardunka.

Mataki na 2: tara hujja tun wayar na hannunka

Wanga ne mataki mafi arha kuma shi mutane ke wasa da shi. Ka ɗauki sikirinshot na kowane saƙo yadda lambar da ta turo da kwanan wata za su fito, ka roƙi waɗanda anka tura ma su ma kada su goge, ka je banki ka ciro sitetimen mai hatimi, ka aje rasit na asibiti in abin ya kai ka ga likita. Kada ka sayar da wayar, kada ka yi mata fomat, ko ta tsufa ka jefa ta durowa. Dalili kuwa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya sai an haɗa shi da satifiket mai bayanin na'urar da yadda anka ciro shi, in babu lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya yi suka, kuma ana iya ƙin karɓar hujjar, shi ke nan ka biya kuɗɗin zama shida a banza.

Sannan ka tambayi shaidunka tun yanzu, da gaske za su zo kotu? Na ga mutum ya lissafa shaidu biyar, ranar zama ko ɗaya bai zo ba, wani ya ce shi bai taɓa taka kotu ba kuma ba zai fara a kan bashin wani ba. Wanda ya yarda ya zo kuma kuɗɗin motarshi da abincinshi na wuyanka.

Mataki na 3: wa za ka kai ƙara, kuma yana da abin biya?

Sunan da ke kan manhaja sau da yawa ba shi ne sunan kamfanin da ke da rajista ba. In ka kai ƙarar sunan da doka ba ta san shi ba, kotu za ta kori ƙarar, kuɗɗin fayil sun tafi. Ka shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ainihin sunan da adireshin, in manhajar bashi ce ka duba ko tana cikin jerin waɗanda FCCPC ta amince da su. Na ɗan Kaura ɗin nan da munka bincika, adireshin da sunka rubuta wani shago ne a Legas da babu kowa cikinshi. Kamfanin da ba a iya kai ma sammaci, ba shi da asusun da ka sani, ko ka ci shari'a takarda kawai za ka rataye a bango.

Mataki na 4: bi ƙofofin da ba a biyan kuɗɗi tukuna

Fara da rubuta ma kamfanin. Takarda gajera: ga abin da ya faru, ga rana, ga abin da nake so (a goge, a janye saƙon, a ba ni haƙuri a rubuce, a biya ni asarata kaza), ga kwanakin da na ba ku. Ka tura ta imel ga jami'in kare bayanansu, in suna da reshe nan Gusau ka kai da hannu a buga maka hatimin an karɓa a kwafinka. Ƙa'idojin da NDPC ta fitar a 2025 ma sun zo da samfurin irin wagga takarda, suna ce mata SNAG. Amsar da za su ba ka hujja ce, shirunsu ma hujja ne.

In ba su yi komi ba ka kai koke NDPC, sashe na 46 ya ba ka wagga dama, ta intanet ake turawa ba sai ka hau motar Abuja ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sashe na 48 ya ba hukumar ikon ta umurci kamfani ya biya wanda ya cutu diyya, ba tara kaɗai ba. In banki ne, bayan mako biyu da kai musu koke ba su warware ba kana iya wucewa sashen kare kwastoma na Babban Banki. In kamfanin layin waya ne ka kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC ne kuma kyauta. Akwai Hukumar Karɓar Koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duk suna da ofis a jiha. Suna da jan ƙafa, ba zan ɓoye maka ba, wani koken sai ka yi ta bi kamar mai bin bashi, amma in ba ka samu komi ba asararka data ce da kuɗɗin fotokwafi, ba wanda zai aza maka kuɗɗin ɗawainiyar abokin shari'a.

Hattara da abu guda a nan: in hukumar gwamnati ce ta yi maka laifin, lokaci na tafiya kana jiran amsa. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta ba da a shigar da ƙara ta yau da kullum, kuma hukumomi da yawa dokarsu ta ce sai ka ba su notis kafin ka kai su kotu. Don haka in gwamnati ce ka ga lauya da wuri ko da shawara kawai za ka saya.

Mataki na 5: ɗauko biro ka yi lissafi

Nan ne zan daɗe. Raba takarda gida uku.

Gida na farko, abin da zai fita aljihunka ko ka ci ko ka faɗi. Kuɗɗin ganin lauya. Kuɗɗin aikinshi. Kuɗɗin fayil a rajistara, wanda a kotuna da yawa yana bin yawan abin da ka nema, wato wanga rubuta miliyan 500 don burge mutane kai zai fara cizo. Kuɗɗin takardar rantsuwa. Kuɗɗin kai sammaci, kuma tunda kusan duk kamfanonin nan hedikwatarsu Legas ko Abuja take, kai takarda wajen jiha na da ƙa'idarshi da kuɗɗinshi, in anka kuskure ƙa'idar a soke a sake. Sai kuɗɗin fitowa, wanda lauyoyi ke ce ma kuɗɗin mai, duk zaman kotu sai ka ba da, kuma wanga shi ke kashe mutane sannu a hankali don kowane ɗaya ƙarami ne ba ka jin zafinshi sai ka tara. A ce dubu 15 ne duk zama, a ce an zauna sau 20, dubu 300 ke nan ba a taɓa ainihin kuɗɗin aikin ba. Kuma kotu ba ta zama don ka zo, yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyansu ya aiko takarda jirginshi bai tashi ba, jibi an shiga dogon hutun kotuna na damina, ka tuna 2021 da ma'aikatan kotu sunka yi yajin aiki tun Afrilu har Yuni ƙofa a kulle. In daga Shinkafi ko Anka ko Bukkuyum kake tasowa ka ƙara kuɗɗin mota da ranar kasuwar da ka rasa, ban da halin da hanya ke ciki wanda ba sai na faɗa ma ɗan Zamfara ba.

Gida na biyu, abin da za a aza maka in ka faɗi. Ƙa'idar kotu ita ce wanda ya faɗi shi ke biyan wanda ya ci kuɗɗin ɗawainiya, lauyoyi na ce mishi kos. Alƙali ke yanke yawanshi bisa ganin damarshi. A Najeriya galibi bai kai abin da kamfanin ya kashe da gaske ba, wanga sauƙi ne, amma ba sau ɗaya ake yanke shi ba: lauyanka ya nemi ɗagewa don bai shirya ba, kos, ka shigar da roƙo an ƙi, kos, ka makara da takarda akwai tarar kowace rana. In kuma alƙali ya ga ƙarar ɓata lokaci ce yana iya ɗaga hannu sosai.

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki, wanga sauƙin yana juyowa kanka in kai ka ci. Tunda kos ƙarami ake yankewa, ba zai mayar maka da abin da ka biya lauyanka ba. Neman a tilasta ma abokin shari'a ya biya maka kuɗɗin lauya magana ce da kotuna sunka yi ta saɓani a kai, akwai hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na shekarar 2000 a shari'ar kamfanin Guinness da ya ƙi yarda da haka sam, daga baya wasu hukunce-hukunce sunka yarda in ka rubuta shi dalla-dalla cikin ƙararka kuma ka kawo rasit. Tau ka karɓi rasit na kowane kwabo, amma kada ka sa shi cikin lissafin abin da zai dawo.

Gida na uku, abin da za ka samu da gaske. Asarar da ke da adadi, kamar dubu 180 da anka cire maka, sai ka tabbatar da ita kwabo-kwabo. Ɓacin suna da ɓacin rai kuwa alƙali ke ƙiyastawa, kuma ƙiyasin alƙali da na mai ƙara ba su taɓa haɗuwa ba a gabana. Ka ce ma lauya ya nuna maka hukunci biyu ko uku na irin maganarka da abin da anka bayar a ciki, ba abin da anka nema ba, jaridu abin da anka nema suke bugawa da manyan baƙaƙe. Sannan ka cire faɗuwar naira. Ruwan da kotu ke ɗorawa kan kuɗɗin hukunci yawanci wajen kashi 10 ne a shekara, alhali a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Miliyan ɗaya ta ranar shigar da ƙara ba ita ce miliyan ɗaya ta ranar biya ba, buhunan masara da za ta saya sun ragu.

In gida na farko da na biyu sun kusa kamo na uku, kwalliya ba za ta biya kuɗɗin sabulu ba. Kana iya ci gaba don wanke sunanka, wanga dalili ne mai kyau kuma na ga waɗanda sunka yi ba su yi nadama ba, amma ka shiga da sanin cewa mutunci za ka saya ba riba za ka ci ba.

Bari in ratse kaɗan saboda masu 'ya'ya ko 'yan'uwa a Ingila, don can tallan lauyoyi na "in ba a ci ba ba biya" ya cika intanet kuma yaranmu na faɗawa. Can kos ba wasa ba ne. A wata shari'a da anka yanke a 2021, wasu iyaye sun kai ƙarar wani ofishin lauyoyi don an tura imel na bashin kuɗɗin makarantar ɗiyarsu ga wani mutum daban bisa kuskuren harafi ɗaya, wanda ya samu saƙon ya goge shi ba da jimawa ba, kotu ta ce abin bai kai a kawo mata ba, ta kori ƙarar ta ce su fara aje fam 11,000 cikin kuɗɗin ɗawainiyar waɗanda sunka kai ƙara. A 2022 wani ya ci tashi shari'ar kan fallasa bayanai, diyyar da anka ba shi fam 250. Ita kuma babbar ƙarar da anka kai Google a madadin masu iPhone sama da miliyan 4, Kotun Ƙolin Birtaniya ta rushe ta a 2021, ta ce sai kowa ya nuna cutar da ta same shi. Ƙasar da ta riga mu doka ke nan.

Mataki na 6: yarjejeniya da lauya, a rubuce

Kunya ce ke cutar da mu a nan. Mutum zai yi cinikin tumatir na minti goma a kasuwar Tudun Wada, amma gaban lauya sai ya ce ai Barista duk yadda ka yi daidai ne. Ba daidai ba ne. Fara da tabbatar da lauyan gaske ne, lauya na da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da yake mannawa a takardun kotu, waɗanda ke yawo bakin kotu da jaka suna cewa sun san alƙali ka yi nesa da su. Sannan ka yi mishi waɗannan tambayoyi, amsar kuma ta shiga takarda ku sa hannu:

Kuɗɗin aikin dunƙule ne ko kashi-kashi, kuma har wane mataki sunka kai, hukunci kawai ko har karɓo kuɗɗin? Kuɗɗin fitowa nawa ne, kuma ranar da kotu ba ta zauna ba fa? In anka yanke kos saboda sakacin ofishinku wa zai biya? In sunka ɗaukaka ƙara sabon ciniki ne? In na ga ba zan iya ba na ce a tsaya, nawa zan biya?

In ya ce kada ka ba da komi sai an ci a raba, ƙa'idojin aikin lauya sun yarda da haka a shari'ar da ba ta laifi ba. Amma ka buɗe kunne. Waɗannan ƙa'idojin sun hana lauya ya ɗauke maka ɗawainiyar shari'a kyauta, yana iya ranta maka kuɗɗin fayil da na sammaci ne bisa sharaɗin za ka mayar. Wato "ba ci ba biya" kuɗɗin aikinshi kaɗai ya rufe, bai rufe ɗawainiya ba, bai rufe kos ɗin da za a aza maka in kun faɗi ba, sunanka ne a takardar ƙara ba nashi ba. Ka tambaya kashi nawa zai ɗauka, kuma kafin a cire ɗawainiya ne ko bayan an cire. A ce an ba ka miliyan 1, ɗawainiya dubu 300, kasonshi kashi 30: in daga sama ya cire, dubu 400 za ka riƙe, in bayan ɗawainiya ne dubu 490. Layi ɗaya a takarda, dubu 90.

Kada kuma ka ga lauya ya ƙi sauko da farashi ka ce mugunta ce, tun 2023 akwai umurnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa. Kai ma doka ta kare ka, lauya ba ya kai ka ƙara kan kuɗɗinshi sai ya ba ka bil a rubuce wata ɗaya ya wuce, in ka ga bil ɗin ya yi yawa kana iya neman kotu ta tantance shi. In samunka bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma dubu 70 a 2024, je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke ba talaka lauya kyauta, take haƙƙin ɗan adam na cikin abin da dokarsu ta 2011 ta ba su damar tsaya ma talaka.

Mataki na 7: ta wace ƙofa za a shiga kotu

Mu nan da an ce ƙara sai hankali ya tafi kotun shari'a ta unguwa. Ƙarar take haƙƙi ƙarƙashin tsarin mulki Babbar Kotu ake kai ta, ta jiha ko ta tarayya, duk akwai su Gusau. Hanya biyu ce. Akwai ta kare haƙƙin ɗan adam bisa ƙa'idojin 2009, ta fi sauri da arha don da takardun rantsuwa ake yin ta galibi ba a kiran shaidu, kuma wucewar lokaci ba ya kashe ta. Akwai kuma ƙara ta yau da kullum mai shaidu da tambayoyi, mai tsawo mai tsada.

Kowa zai so ta farko, amma tana da tarko. Dole take haƙƙin ya zama shi ne uwar magana. In ainihin rigimarka bashi ne ko kuɗɗin da anka cire ko kora daga aiki, ka lulluɓe ta da rigar haƙƙin sirri, lauyan kamfani zai ce kotu ba ta da hurumi, kuma zai jawo tsohuwar shari'ar Sarkin Muri Umaru Abba Tukur da gwamnatin Gongola ta 1989, inda Kotun Ƙoli ta ce uwar maganar sarauta ce don haka ba a shiga ta ƙofar da ta dace ba. Shekara guda na iya tafiya kan gardamar hurumi kaɗai ba a ko taɓa labarin abin da anka yi maka ba. Haka in ku da yawa ne abin ya shafa, haɗa kuɗɗi ku ɗauki lauya ɗaya dabara ce mai kyau, amma shigar da mutane da yawa cikin takarda ɗaya ta wagga hanya abu ne da hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara sunka saɓa a kai, sai lauya ya zaɓi tsari da hankali.

Mataki na 8: kada ka haƙa ma kanka rami

In ana bin ka bashin, ka sani za su shigar da tasu ƙarar cikin taka, kana iya cin dubu 500 a ce ka biya bashi da ruwanshi. Ka riƙe yatsanka a Facebook, kiran ma'aikacinsu ɓarawo da sunanshi na iya jawo maka ƙarar ɓata suna, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da anka yi ma gyara a 2024, wadda 'yan sanda ba su gajiya da ita. Kada ka ƙara gishiri cikin takardar rantsuwa, ƙarya ɗaya in ta fito ta ɓata gaskiya tara. Janye ƙara ma ba kyauta ba ne in tafiya ta yi nisa, ana iya yanke maka kos a bakin fita, don haka in za ka fasa ka fasa da wuri.

Mataki na 9: in sunka nemi sulhu

Ka saurara. Ka ɗauko takardar lissafinka ka gwada tayin da abin da zai rage a hannunka bayan shekara uku, ba da miliyoyin da ke cikin kanka ba. Ka tabbatar an rubuta wa zai biya lauyan wa, ranar da kuɗɗin za su shigo, da abin da za su yi da bayananka, sannan a kai yarjejeniyar gaban alƙali ta zama hukunci, don in sunka saɓa kana da abin kamawa. Takardar ban haƙuri da za ka nuna ma suruki da liman wani lokaci ta fi dubu 200 amfani, ka sa ta cikin sharaɗi.

Mataki na 10: ka ci shari'a, saura karɓa

Ranar hukunci kada ka yanka rago tukuna. Kamfani mai lauyoyi na albashi ba ya jin nauyin ɗaukaka ƙara, zai nemi a dakatar da biya, fayil ya koma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato wadda ke duba shari'o'in Zamfara da Kabi da Sakkwato, sabon kuɗɗin lauya, sabon kuɗɗin mota ta Talata Mafara, daga can kuma akwai Kotun Ƙoli a Abuja. In ba su ɗaukaka ba amma sun yi kunnen uwar shegu, sai a koma kotu a nemi umurnin kama kuɗɗinsu a banki, lauyoyi na ce mishi ganishi, a aika ma bankuna takarda ɗaya bayan ɗaya su zo su faɗi ko akwai kuɗɗin kamfanin a wurinsu, kowane banki da kuɗɗin kai mishi takarda. In hukumar gwamnati ce kuma kuɗɗin na hannun jami'in gwamnati, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai an nemi yardar Antoni Janar, wato ka roƙi lauyan gwamnati izinin kwasar kuɗɗin gwamnati. Wanga matakin ma ka sa shi cikin gida na farko tun ranar da ka ɗauki biro.

Shi ɗan Kaura bai shiga kotu ba. Kuɗɗin shawara da na takarda guda ya biya, munka haɗa sikirinshot ɗinshi munka tura koke ga hukumomi biyu, ya biya uwar bashin ta banki ya aje rasit, oga kuma ya rubuta mishi 'yar takarda mai hatimi da ke bayanin abin da ya faru, ita ya kai ma surukinshi bayan sallar Juma'a.